Kwamfutar da Ta Ƙi Yi wa Yaya Raɗa

Ni dai na gaji da kwamfuta, gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka labarin gwaninta zan ba shi. Na daɗe ina zaune a wani ɗan shago a Wuse wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ina buɗe cikin injinan mutane, ina shaƙar ƙurarsu, ina sauraron ƙaryar da kowa ke yi cewa shi bai taɓa komai ba, haka kawai ta mutu. Amma duk kwamfutocin da suka bi ta hannuna babu wadda ta ci mini tuwo a ƙwarya kamar ta Yayana.

Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kawo ni Abuja, shi ya kai ni koyon gyara lokacin da boko ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta. Aikinsa buga takardu ne a wani ofishin gwamnati, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa. Yatsunsa sun san madannai fiye da yadda ni na san hanyar gidana. Mutum ne mai tsananin gudun a tausaya masa. Ko zazzaɓi yake yi, sai dai ka ji labari bayan ya warke.

Wata Asabar ya shigo shagona da jakarsa, ya fito da kwamfutarsa zai ajiye a teburina, sai ya ajiye ta rabi a kan tebur rabi a iska. Da ban tare ba da ta sha ƙasa.

"Auta," ya ce, don haka yake kirana har yau da furfurata, "an ce akwai abin da ake sa wa kwamfuta ta riƙa karanta wa mutum abin da ya rubuta."

Na ce akwai. Na tambaye shi wa za a yi wa.

"Wani abokin aikina ne."

Na tsura masa ido. Janaretan maƙwabcina na ta ƙara. Can sai ya cire tabaransa ya riƙe a hannu, ya gaya mini cewa hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, saura kuwa lallaɓa shi ake yi. Ido ɗaya ya rufe, ɗayan kamar ta ramin makulli yake leƙe da shi. A ofis ba wanda ya sani, kuma ba ya so a sani. 'Yan shekaru suka rage masa ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa, yaransa na makaranta. In ogansu ya gane, ko dai a sallame shi kafin lokacinsa, ko a ajiye shi a lungu ba aiki, kowa ya wuce ya ce masa sannu. A wurin Yaya na biyun ya fi na farkon ciwo. Raina ya ɓaci ƙwarai da bai gaya mini da wuri ba, amma ƙani ba ya yi wa wansa faɗa, sai na huce a kan kwamfutar.

Tsohuwa ce, ya saye ta hannu na biyu a kasuwa shekarun baya, saboda sunan babban kamfanin da ke manne a murfinta. Tsarin da ke cikinta ya yi mata nauyi, kafin ta gama tashi ka sha shayi. Sai na share shi na sa mata tsarin nan na kyauta, wanda mutane daga ko'ina a duniya suka haɗu suka gina, suka bar ƙofarsa a buɗe kowa ya shiga ya gyara. Ba shi da nauyi, kuma yana zuwa da mai karanta rubutu a cikinsa. Na kunna, Yaya ya danna harafi, kwamfuta ta faɗi harafin da wata murya kamar ta Bature mai mura. Ya buga layi guda, ta karanta masa. Wallahi ban manta dariyar da ya yi ba.

Dabararmu mai sauƙi ce. Ogan nasu ba ya rubuta komai da hannu, a waya yake aiko da saƙon murya ya ce a rubuta kaza da kaza, don haka an saba ganin Yaya da iyafis a kunne. Zai soka iyafis ɗin a kwamfuta, ta riƙa yi masa raɗa, ba wanda zai ji. Na ɗauko iyafis na soka. Muryar ta ci gaba da fitowa ta sifika, tar, har mai sayar da caja a shagon gaba ya leƙo. Na zare na sake sokawa. Na kawo wani. Ko a jikinta.

Bari in yi bayani kaɗan ga wanda ba sana'arsa ba ce. Kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta, na sauti ne ko na kyamara ko na kama intanet, yana buƙatar wani ɗan tafinta tsakaninsa da tsarin. Mu direba muke ce masa. Tsarin kyauta yana zuwa da direbobi masu yawa, yawanci ka kunna kawai komai ya yi aiki. To amma akwai kamfanonin da ke haɗa wayoyin cikinsu ta wata hanya tasu daban, sai ka je rumbunsu na intanet ka ɗauko ƙunshin da suka tanada wa injinsu, ka ƙara a kan tsarin, sannan ya san cewa an soka abu a ramin iyafis, a kashe sifika a mayar da sauti kunne. Aikin shan ruwa ne in ka san injin da ke gabanka. Na dubi murfi, na juya ta na karanta takardar da ke manne a ƙasanta, na ce wa Yaya ya ba ni zuwa la'asar.

La'asar ɗin nan ta kai ni ƙarshen damina.

Na ƙara rumbun kamfanin da ke murfin, na sauke ƙunshinsu, na kashe na kunna. Sifika. Na cire na sa tsohon ƙunshi, ko sabon ne bai dace ba. Sifika. Na shiga dandalin da masu amfani da tsarin ke taimakon juna, na rubuta matsalata da Turancina na kasuwa. Wani ya ce wace iri ce, na kwafe masa abin da ke takardar. Ya ce ai irin tasa ce sak, kuma tasa lafiya lau take aiki. To, Allah ya sanya alheri, ni me zan yi da taka? Wani ya ba ni umarni mai tsawon igiyar shanya, na buga, sautin ya ɗauke gaba ɗaya, sai da na yi wuni guda kafin in dawo da shi inda yake. Data ta ƙare, na saya, ta ƙare. Ana cikin saukewa a ɗauke wuta.

Kuma kwamfutar ba a hannuna take kwana ba. Litinin zuwa Juma'a tana ofis tare da shi, don bai da wata. Sai Asabar in rufe shago, ranar da aka fi ciniki, in tsaya bakin titi in tari motar haya zuwa Gwagwalada, daga nan in hau mashin zuwa Paikon Kore, inda Yaya ya yi ɗan gidansa don gudun hayar cikin gari. In zauna a barandarsa da kwamfuta a cinya, ina ɗaga waya sama ina neman sabis, kajin matarsa na bi ta ƙafata. Ita kuwa ta ajiye mini tuwo ya huce, ta ɗauke ta ɗumama, ya sake hucewa.

Kada wani ɗan sana'a ya ce don me ban bi ta wata hanya ba. Na bi. Na kawo iyafis marar waya, muryar ta riƙa zuwa a makare, Yaya ya kai ƙarshen layi ita tana farkonsa, ga caji da ke ƙarewa kafin azahar. Na sayo wani ɗan ƙarfe da ake sokawa a gefe ya zama ramin iyafis na biyu. Ya yi aiki, har na yi hamdala. Ashe ramukan gefen kwamfutar duk sun saki. Ana nan wata Talata a ofis gwiwar hannunsa ta taɓa abin, ya motsa, muryar ta koma sifika da dukkan ƙarfinta, ta shiga karanta wa ofis gaba ɗaya gaisuwar da ke saman wasiƙa. Yaya ya ce bai san lokacin da ya kife murfin ba. Ya dawo mini da ƙarfen a leda, ya ce ko kyauta ba ya so.

Daga nan sai ya koma rage sifikar har ƙasa, ya sunkuyar da kai dab da madannai kamar mai duba wani abu, yana sauraro. Haka yake yini. Wuyansa ya riƙe, bayansa ya riƙe. Sannan ga sabuwar masifa. A ofishin nasu akwai wata mata 'yar Filato, Kirista, teburinta na kusa da nasa, kowa Madam yake ce mata. Sun daɗe tare ba abin da ya taɓa haɗa su. To a 'yan kwanakin nan sai ta tsiro da kunna waƙoƙin coci a wayarta, tun safe har tashi.

"Matar nan za ta kashe ni da waƙa, Auta," in ji Yaya. "Ina neman in ji abin da injin ke faɗa, ita tana ƙara murya. Da ba haka take ba."

Na ce ya bar ni da ita, ni zan je in gaya mata ofis ba coci ba ne. Ya ce in na kuskura na taka ofishinsa da wannan bakin nawa, ba shi ba ni. Na haɗiye, amma na riƙe matar a raina, ban taɓa ganinta ba na tsane ta.

Tun a makonnin farko na ce masa ya bar ni in kwance kwamfutar in ga cikinta. Ya ƙi. Akwai wata 'yar takarda mai sheƙi da aka liƙa a kan kusa ɗaya a ƙasanta, wai shaidar ba a taɓa buɗe ta ba tun daga kamfani. Yaya yana ji da takardar nan kamar takardar fili.

"Ku masu gyara na san ku," ya ce. "In kun buɗe abu sai an sami ragowar kusa a tebur. Ba a taɓa fasa ta ba, ba kuma a kanka za a fara ba."

Haba Yaya! Ni da ka kai koyon aikin da kanka? Amma ban faɗa ba. Na tambayi injin sunanta ta cikin tsarin, ta ba ni suna iri ɗaya da na murfin, sai na ce to, laifin nawa ne, akwai abin da ban iya ba. Na ci gaba da dukan taiki.

Wata Asabar na iso na same shi zaune a baranda bai ko sa tabarau ba. Bai amsa gaisuwata da kyau ba. Matarsa ta yi mini nuni da ido ta shige ciki. Da ƙyar ya gaya mini cewa oga ya dawo masa da wasiƙa, an zagaye kurakurai da jan biro, a gaban yaran da aka ɗauka aiki jiya jiya. Bai ji injin da kyau ba, ya tsallake kalmomi.

"Tun da na fara aiki ba a taɓa dawo mini da takarda ba," ya ce. Ya tura mini kwamfutar da bayan hannunsa. "Fasa ta."

Na ɗauko sukundireba. Takardar mai sheƙi ko gardama ba ta yi ba, irin wadda ake sayarwa a bandir ce a kasuwa. Da na ɗaga marfin ƙasa na ga kusoshi kala uku, na san an riga ni shiga. A jikin allon ciki kuwa, da ƙananan haruffa farare, ga sunan wanda ya ƙera ta: wani ƙaramin kamfani da ko ni sai da na yi tunani kafin in tuna na taɓa jin sa. Na juya murfin na sa farce a gefen tambarin babban kamfanin, ya ɗago, gam ne a ƙasansa ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Takardar ƙasan ma daga wata matacciyar kwamfuta aka ɓamɓaro ta. Har sunan da injin ke faɗa in an tambaye ta, shi ma an shiga an canza. Wanda ya yi aikin nan ya san Abuja, ya san ma'aikacin gwamnati suna yake saye. Allah ya isa tsakanina da shi, ko waye, ya cinye mini Asabar ɗin damina guda.

Yaya ya ji na yi tsaki, ya ce mene ne. Na gaya masa. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya karɓi tambarin ya shafa shi da babban yatsa, ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa har goge shi nake yi da hankici." Ya sa shi a aljihu.

Sabis ɗin Paikon Kore ba zai iya aikin ba, sai na tafi da ita shago, na yi masa alkawarin kai masa ofis ranar Litinin kafin azahar. Wannan karon da bakinsa ya yarda in zo, da sharaɗin in bar halina a waje. Abin haushi, ƙaramin kamfanin nan yana da rumbunsa tsaf, ya tanadi ƙunshi musamman don masu tsarin kyauta, yana nan zaune duk watannin da na yi ina wahala. Na ƙara rumbun, na sauke. Sai ƙunshin ya ƙi zama, don kafin ya zauna sai ya tambayi injin sunanta, ita kuwa ta ba shi sunan aro, ya ce shi bai san ta ba. Sai da na rubuta wa tsarin da hannu cewa ga ainihin wadda take, ya daina sauraron abin da take faɗa. Na kashe na kunna, na soka iyafis. Shagon ya yi tsit, muryar Baturen nan mai mura ta shigo kunnena ita kaɗai. Ban yi murna ba, na gaji da yawa. Na dai jingina da bango na rufe ido. Har yau kuwa, duk sanda tsarin ya yi babbar sabuntawa, sai na sake bin layin nan na gyara shi.

Ranar Litinin na isa ofishin. Ɗaki ne mai tebura huɗu, da fanka mai ƙara, da ƙofar oga a can ƙurya a buɗe. Yaya na zaune ya haɗa hannuwa a kan tebur babu komai a gabansa. Na gane Madam tun kafin a nuna mini ita, babbar mace mai tabarau a goshi, tana jera fayil. Na kasa kunne, ba waƙa, wayarta na kife a gefe. Na gaishe ta a daƙile.

Na ajiye kwamfutar a gaban Yaya. Yana ɗaga murfin, Madam ko waiwayowa ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta danna wayarta, waƙa ta tashi. Wani dattijo a teburin ƙarshe ya miƙe kamar zai zubar da takarda a kwando, da zai dawo ya ja ƙofar oga ya sakaya ta. Ba wanda ya dubi wani. Yadda suka yi shi ba hayaniya, ka san ba yau suka fara ba. Na tsaya riƙe da jakar kwamfuta, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Yaya bai ga komai ba. Ya lalubo ramin, ya soka iyafis, ya danna harafi. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗago kansa daga kan madannai, ya zauna sosai a kujera yadda na san shi tun ina yaro, yatsunsa suka kama gudu. Madam ta ɗan karkato kai tana sauraro. Ta rage waƙar. Ta sake saurarawa, ba abin da ke fita daga teburin Yaya sai ƙarar madannai. Ta kashe wayar ta jefa a jaka.

Na fita baranda don in sha iska, sai ga ta ta biyo ni da kofin shayi a hannu.

"Injiniya, ka gyara shi ke nan?" ta ce da Hausarta ta Abuja. "Ba zai sake magana a waje ba?"

Na ce in Allah ya yarda ba zai sake ba.

"To mun gode Allah. Batirin wayana ya huta. Ni kaina waƙar ya ishe ni, kullum abu ɗaya." Ta kurɓi shayinta. "Kar ka gaya ma Malam fa. Ba ya so."

Na buɗe baki in ba ta haƙuri a kan abin da ba ta san na yi mata ba, na rasa ta inda zan fara. Na ce na gode, Madam. Ta ce ba komai, ta koma ciki.

Ban koma shago ba, na jira aka tashi. Muka fito tare da Yaya muna tafiya zuwa inda ake tarar motar Gwagwalada. Yana tafiya yadda ya saba tun da idon ya soma, a hankali, kai a sama, yana bin gefen kwalta da ƙafa. Ko matarsa ba ta isa ta kama masa hannu a waje ba. Ya ce ya gama wasiƙu uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure. Na ce madalla. Muka ɗan taɓa tafiya.

"Yau Madam ba ta yi waƙa ba," ya ce.

Na ce haka ne.

"Ta fara. Ina sa abin a kunne ta kashe." Ya rage tafiya. "Da safe ma da ba ni da kwamfuta ba ta kunna ba."

Yaya ba yaro ba ne, ido ne ya tafi, ba hankali ba. Muka iso bakin babban titi, motoci na wucewa a guje, masu sayar da ruwa da gyaɗa na ratsawa tsakaninsu. Ya tsaya.

"Tun yaushe suka sani, Auta?"

"Ban tambaya ba, Yaya."

"Har da dattijon? Na ji lokacin da ya sakaya ƙofar oga."

"Har da shi."

Ya daɗe a tsaye, jakar kwamfutar na rataye a kafaɗarsa. Sannan ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya sami gwiwar hannuna, ya riƙe ta gam, a gaban duk jama'ar da ke jiran mota.

"Tsallaka da ni," ya ce. "Na gaji."